Ranar da Na Ce Motar Hajji Da Sauƙi

Na manta ranaku da yawa na aikin tuƙi, wasu ma da gangan na manta su, amma ban taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba, ranar da kalma biyu suka raba ni da makulli bayan shekara talatin da huɗu ina tuƙa wa gida ɗaya. Shekaru kaɗan ne kafin yaƙin nan da ya warwatsa mu. Ku matasan direbobi da kuke shan shayi da ni a tashar Sinnar, nan ƙasar Sudan, kun dame ni in rubuta, to ga shi na rubuta. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Aji uku na yi a makarantar gwamnati, na ukun ma rabinsa a gonar auduga na yi shi.

Sunana Haruna, ana ce mini Usta Haruna. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, a wurinmu mutum yakan fara da wankin mota da ɗaure kaya, sannan ya zama direba, sannan idan ya tsufa bai kashe kowa ba a fara ce masa usta. Ba takarda ake bayarwa ba, mutane ne kawai suke jin nauyin kiran sunanka gatsal. Na fara aiki da marigayi Hajji Bello, mai sayen riɗi da dawa a ƙauyenmu, ina tuƙa masa babbar mota tsakanin Sinnar da Dindir da Rusairis. Da ya rasu aka gaje ni tare da sito da sikeli, na koma hannun ɗansa Hajji Sale, wanda ni na koya masa riƙon sitiyari.

Hajji Sale mutumin kirki ne, ina so a rubuta wannan tun da wuri. Abu ɗaya ya daɗe yana ci masa rai: abokan cinikinsa na birnin Madani suna zuwa taro cikin manyan motoci masu baƙin gilashi, shi kuwa a gaban motar kaya yake zuwa, ya sauka yana kakkaɓe jallabiya. Sai wani dillali da ke zaune a ƙasashen Larabawa na gabas ya samo masa mota ta hannu, irin dogayen nan na masu hali, wadda wani attajiri ya hau shekara takwas ya gaji da ita. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba ni da ƙarfin zuwa kotu. Ni aka tura Bur Sudan, tashar jiragen ruwa, na taho da ita.

Baƙa ce, kujerunta na fata ne launin shayi da madara. Tsakanin kujerun gaba akwai ɗan firji. Akwai wani maɓalli da yake ɗumama wa mutum mazaunai, a Sinnar, inda rana take yin wannan aiki tun da aka halicce ta ba wanda ya roƙe ta. A kan kwalta kuwa, gaskiya ɗaya ce, ban taɓa tuƙa irinta ba. Sai ka aza kofin jabana, wato gahawarmu, a gabanka daga Sinnar har Madani bai zube ba. Masu gadin ofisoshi da suka saba tambayarmu wa muke nema, suka koma buɗe ƙofa tun daga nesa.

Yanzu bari in yi bayanin ciwonta. Duk motocin da na sani a kan ƙarfe suke tsaye, sifirin ne ke ɗauke da su. Idan ya karye ka gan shi da idonka, ka ɗaure da itace da waya ka kai gari. Wannan kuwa a kan iska take tsaye. Kowace ƙafa tana da jakar roba, da wani ɗan famfo a ƙarƙashi da yake hura su. Idan jaka ta tsufa sai ta riƙa sace iska, famfon ya yi ta aiki har ya yi zafi ya yi fushi, motar ta sauke cikinta ƙasa kamar raƙumin da aka ce ya gurfana. Kafin ta yi hakan takan kunna wata 'yar fitila rawaya ta rubuta magana da Turanci. Ni ban iya karantawa ba, amma da ganin tsawon rubutun na san ba gaisuwa ba ce.

Farkon gurfanarta a ƙofar gidan Umda ne, mai garinmu, sati uku da zuwanta. Ina tsayawa ta yi wani dogon numfashi ta sauka. Dattawan da ke zaune a inuwa suka miƙe suna kallo. Wani ya ce, "Ikon Allah, har gaisuwa take yi." Hajji bai ko ƙifta ido ba ya ce, "Haka aka ƙera ta, don tsofaffi su ji daɗin shiga." Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, akwai maɓallin da ke yin hakan. Ni dai na san ban taɓa shi ba. Muka zauna muka sha shayi har sau uku, famfon ya huce, ta tashi, muka tafi da mutuncinmu.

Cikin wata goma sha huɗu ta gurfana sau bakwai. An canja jaka biyu, kowacce sai da muka jira ta makonni daga ƙetare. Akwai makaniki ɗaya a Madani da yake jona mata waya yana duba allon kwamfuta yana girgiza kai kamar likitan da ya makara. Wata rana a hanyar Dindir tarakta ce take jan mu da rana tsaka, cikin motar yana gurzar ƙasa, sai ga wayar dillalin nan, yana tambayar yadda Hajji ya ji daɗin mota. Ina zaune ina riƙe da sitiyarin da ba ya tuƙa komai, na ji Hajji yana cewa, "Miya miya, ya akhi. Allah shi saka." Wato ɗari bisa ɗari, ɗan'uwana. Da ya kashe wayar ya dube ni ya ce, "Baba Haruna, abin da ya same mu a hanya mu bar shi a hanya." Idan muna mu biyu Baba yake ce mini. Na ce to.

Kada ku ɗauka munafunci yake yi. Son motar yake yi har zuciyarsa. Ta ba shi abin da ya saye ta dominsa. Wahalar kwanciya ƙarƙashinta a cikin laka kuwa ba a jikinsa take ba. Saboda haka duk wanda ya gaishe shi ya ce yaya mota, sai ya ce lafiya lau, ni ma idan aka juyo kaina in ce lafiya lau, har ƙauye ya yarda babu mota irinta daga nan zuwa Habasha.

A nan sai na tsaya na koya muku Hausa, ku da Larabci ya cinye muku harshe kuka bar ta kakanninku sai ranar salla. Idan aka ce wa mutum yaya gida, yaya aiki, yaya mota, amsa ɗaya ce, lafiya lau, ko da gidan yana cin wuta. Wannan gaisuwa ce, ba tambaya ba ce. Amma idan aka je duba marar lafiya aka ce yaya jiki, ba a cewa lafiya lau. Cewa ake yi da sauƙi. Wanda ya yi tuntuɓe da sauƙi, wanda ake karanta masa Yasin shi ma da sauƙi. Duk mai jin Hausa ya san inda aka ce da sauƙi, to akwai mai kwance.

Ranar Talatar nan an kwana ana ruwa. Da safe na yi abin da nake yi kullum kafin in tayar da kowace mota: ruwa, mai, birki, taya. Ita wannan na ƙara mata gwaji na biyar na kaina, ina zura hannu tsakanin taya da jikin mota in auna. Idan tana lafiya tafin hannu ne da babban yatsa. Ranar, ƙafar baya ta hagu yatsa uku na samu. Na tayar da ita, famfon ya yi ta gurnani har na shanye jabanata kafin ta daidaita, fitilar rawaya kuma ta ƙi mutuwa. Na sami Hajji a ƙofar sito na gaya masa a hankali.

Ya ce, "Usta, kullum kai da yatsunka. Mota ce, ko akuya kake tayawa a kasuwa?"

Na ce jakar baya ce, ba za ta kai mako ba.

Ya ce, "To ai yau ba inda za mu."

Da hantsi aka aiko daga gidan Malam Idi, ladanin masallacinmu. Malam Idi taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Fitsari ne ya tsaya masa tun jiya da la'asar, ya ɓoye don kunya, har mararsa ta kumbura ta yi tauri. Ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye ya duba ya ce ba shi da robar da ake sakawa, a kai shi asibitin Sinnar kafin azahar, kada a wuce haka. Kafin in isa an fito da shi kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, yana haɗa gumi yana cizon gefen rawaninsa. Maza sun cika ƙofar gidan, Umda yana tsakiya.

Mota biyu ce a ƙauyen ranar. Akwai ta Hajji, akwai boksin Jibirin, tsohuwar a-kori-kura da yake kai albasa kasuwa, wadda ƙofarta ɗaya da igiya ake rufe ta. Ba wanda ya ma kawo zancen Jibirin. Hajji ya ce, "Ga mota nan. A kwantar da kujera a sa shi, ko girgiza ba zai ji ba." Mutane suka yi ta sa masa albarka.

Ga abin da na sani su ba su sani ba. Ƙasarmu baƙar laka ce, idan ta sha ruwa ba hanya sai kan gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan ban gonaki. Faɗinta na mota ɗaya ne, ruwa a dama, laka a hagu, tafiyar awa ɗaya da rabi kafin a hau kwalta. Taraktoci sun haƙa mata kwari biyu sun bar tudu a tsakiya. Motar da ta gurfana a nan cikinta zai hau tudun, ƙafafunta su yi ta juyawa a banza, kuma ta toshe hanyar, ba mai wuce ta ta gaba ko ta baya. Ko an ce boksi ta biyo mu don ko-ta-kwana, a bayanmu za ta tsaya ita ma. Sai a nemo tarakta, a ranar da kowace tarakta take cikin laka. Azahar za ta yi, la'asar ta yi, Idi yana kwance a kujerar fata.

Umda tsoho ne mai taka-tsantsan, bai cika barin abu ya wuce shi ba. Har an kama ƙafafun gadon za a ɗaga, sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Usta Haruna, yaya motar?"

A bakin kowa wannan gaisuwa ce. Har wasu sun fara tafiya, don sun san amsar. Hajji yana tsaye kusa da ni, ina jin ƙamshin turarensa. Idan na ce jakar baya tana sace iska, kuma sau bakwai ke nan, na tsiraita ɗan Hajji Bello a gaban garinsu. Idan na ce lafiya lau, na ɗauki Idi na hau gaɓar tur'a da yatsa uku. Na nemi wata magana a tsakani, wadda ba ƙarya ba kuma ba tonon asiri ba. Ilimina na aji uku bai ba ni komai ba sai abin da bakina ya saba faɗa a ɗakin marasa lafiya.

Na ce, "Da sauƙi, ranka shi daɗe."

Na zaci na yi dabara, wallahi a lokacin har na ɗan yaba wa kaina. Sai wani tsoho mai nauyin kunne da ke bakin rumfa, wanda ya ji rabin magana, ya ɗaga hannu da zuciya ɗaya ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi. Allah shi sa kaffara ne."

Wasu suka amsa da amin kafin su gane abin da suke amsawa. Wani ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Dariyar ba ta fito fili ba, gara ma da ta fito. Idi da kansa, yana cikin wannan hali, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Mu biyu ke nan ke kwance?"

Umda bai dubi Hajji ba, wannan ita ce karar da ya yi masa. Ya ce, "A kira Jibirin. Boksi ta shiga gaba."

Hajji ya miƙo mini hannu, tafin a sama. Na ɗauka musabaha yake nema, har na fara miƙa nawa. Sai na gane. Na ciro makullin na aza masa. Ya ce, "Umda, bismilla, ni zan kai ku da kaina." Umda da 'ya'yan Idi biyu suka shiga motarsa. Aka kwashe buhunan albasa, aka ɗora gadon a bayan boksi, aka ce in hau in riƙe marar lafiya tunda ni na zaɓa masa mota.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, ni da na sha zuwa Bur Sudan. Ina zaune a bayan boksi, bayana yana jingine da kan mota, fuskata tana kallon baƙar motar da ke biye da mu. Duk ramin da Jibirin ya faɗa, Idi sai ya yi nishi ya zage ni.

"Haruna, Allah shi isa. Sau ɗaya a duniya za ni shiga motar sanyi, ka hana."

Na ce, "Yi shiru ka riƙe mararka."

"Mi zan riƙe? Ai riƙewar ce ta kawo mu nan. Ka kwantar da ni cikin albasa kamar za a yi miya da ni."

Ni kuwa idona yana kan ƙafarta ta hagu. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba, Allah ya yafe mini: na yi fatan ta gurfana. Tunda tana bayanmu ba za ta cuci kowa ba, ni kuma ta wanke ni. Duk inda tudun tsakiya ya yi tsawo sai in ce a raina, to yanzu. Sai ta haye shi tsaf, tana sheƙi, laka ko gilashinta ba ta taɓa ba. Shekara guda da wata biyu ina rufa mata asiri, ranar da na nemi ta faɗi gaskiya sau ɗaya ta ƙi. Muna hawa kwalta ta wuce mu kamar muna tsaye.

Da muka isa asibiti Hajji ya riga ya yanki kati, ya samo masu ɗaukar marar lafiya, yana tsaye a bakin ƙofa da ruwan sanyi daga firjin motarsa. Aka shiga da Idi kafin azahar, aka saka masa robar, cikin ɗan lokaci muka ji yana yi wa ma'aikatan wa'azi. Na zagaya wajen da aka ajiye motar, na duba ba mai kallona, na zura hannu. Tafin hannu da babban yatsa.

Hajji bai kore ni ba, ba halin gidansu ba ne. Washegari aka ce in riƙa zama a sito ina lura da masu auna riɗi. Aka kawo wani direba daga Madani mai karanta Turanci. Bayan mako biyu na sami Hajji shi kaɗai na ce ina neman afuwa a kan yadda maganar ta fita.

Ya ce, "Baba Haruna, da ka ja ni gefe."

Na ce, "Na ja ka gefe da safe."

Sannan ya ce, "Ta kai, ko ba ta kai ba?"

Na ce, "Ta kai."

Ya ce, "To."

Na zauna a siton har aka gama kakar riɗi, sannan na ce idona ya fara rauni, shi ma ya yi kamar ya yarda. Muka rabu ana gaisawa. A ƙauye kuwa maganar ta zama abin tsokana, ko jaki aka gani yana ɗingishi sai a ce da sauƙi. Hajji ya daina zama a inuwar ƙofar Umda. Wannan ya fi rashin makullin yi mini ciwo, don ni na ɗauke shi a kafaɗa yana yaro.

To ga abin da na koya, ku ɗauka ko ku bari. Idan za ku sayi irin waɗannan manyan motoci na hannu, ko wani ya aike ku ku bincika masa, kada ku tambayi mai ita. Zai ce ya gamsu, kuma da gaske yake, don shi abin da ya faru yake ƙirgawa, ya tafi ya dawo an buɗe masa ƙofa. Direba kuwa abin da ya kusa faruwa yake kwana da shi, kuma wannan ba ya da shaida. Motar da ba ta da amana ba kullum take tsayawa ba, da haka ne da ba wanda ta ruɗa. Takan kai ka sau tara lafiya, ba ta kuma gaya maka wace tafiyar ce ta goma.

Kada kuma ku jira godiya a wannan sana'a. Idi ya rayu, ya koma kiran sallarsa da muryar nan tasa mai kama da ƙofar boksin Jibirin, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ba shi labarin yadda taubashinsa ya yi masa baƙin cikin motar sanyi. Ba zan ce ni na cece shi ba, da a baƙar motar aka sa shi da ya riga mu isa. Na sha kwanciya ina juya abin, ina neman wata kalma da zan iya faɗa a ƙofar gidan nan wadda za ta bar wa Hajji mutuncinsa, ta bar mini makullina, ta kuma hana a hau gaɓar tur'a da marar lafiya a kan yatsa uku. Shekaru ke nan ina nema, da Hausa da Larabci. Ban samu ba.